Rijiyar da Gireda Ta Binne a Filin Jirgi

Wallahi 'yan'uwa abin nan ni ya faru da ni, wanda ya ga dama ya ƙaryata. Shekarun baya ne, da kaka, tsuntsayen jan-baki suka addabi gero tsakanin Shinkafi da Zurmi, aka kawo ƙaramin jirgin feshi, aka sa gireda ta share wani fili a daji don ya riƙa sauka. Ni aka ɗauka riƙon tuta: in fili lafiya in ɗaga fara, in akwai shanu ko mutum in ɗaga ja.

Wata rana da hantsi jirgin ya dawo, sai na hangi wani tsoho da malafa tsakiyar filin, ya duƙa yana jan guga hankali kwance, a wurin da na san babu rijiya. Na yi masa ihu, ko waiwaye bai yi ba. Na ɗaga ja.

Ogan aikin, wani mai ƙaton ciki da bai taɓa ƙetare filin da ƙafa ba, ya taso yana zagina, wai shi bai ga kowa ba, man jirgi ya kusa ƙarewa, in sauke tutar ko in bar aikin. Ga iyali a Kaura, aikin nan kaɗai gare ni, amma raina ya ɓaci. Na ce, "Ko ka kore ni, jirgin ga ba shi sauka bisa tsoho."

Sai ya ja motarsa a fusace don ya kunyata ni. Yana isa wurin, innalillahi, ƙasa ta rufta da gaban motar, da ƙyar aka jawo shi ta taga. Matuƙin ya ga haka daga sama, ya lallaɓa ya sauka can ƙarshen filin.

Wani makiyayi ya ce tsohuwar rijiyar kakanninsu ce gireda ta rufe, ta ƙafe tun kafin a haife shi. Tsohon kuwa ko sawunsa ba mu gani ba. Amma a bakin ramin na tsinci igiyar guga, sharkaf da ruwa.

Duk da haka sai da suka kore ni, wai ina shaye-shaye, amma ni ko yau aka maimaita, jar tutar zan ɗaga. In kun ga ana share daji don jirgi, ku sa a tambayi dattawan wurin abin da ke ƙarƙashi. Igiyar tana ɗakina, matata har yau ba ta yarda ta taɓa ta.