Bajimin da Kawu Ya Fasa Sayarwa

A shekarun farin nan da gero ke bushewa tun bai kai gwiwa ba, ina ɗinki a kasuwar Sabon Birni, kuma babban aibuna kallon fim ɗin Indiya. Wani ɗan Maraɗi ya kawo bidiyo da janareta, ya kafa rumfar zana bayan 'yan hatsi. Akwai jarumin da muke mutuwar so, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda in ya yi kuka sai ka ga ƙattin maza suna ta gyaran hula. An ce a ƙasarsu ko hanya ba ya iya bi saboda jama'a. Ban san ko kalma ɗaya ta yarensu ba, amma ni ke yi wa 'yan kallo fassara, kuma ba a taɓa ƙaryata ni ba.

Ran wata kasuwa ƙanen mahaifiyata ya zo daga Gangara janye da bajiminsa na huɗa. Shi kaɗai ya rage masa, haƙarƙari duk a waje. Sayarwa ya zo yi, don ba abin da zai ba shi ya ci. Ya miƙa wa dillali igiya, ya dawo shagona ya zauna, ko ruwa ya ƙi sha. Tausayinsa ya kama ni, na ja shi rumfar kallo kafin masaya su taru.

Aka yi sa'a ranar jarumin manomi ya fito. Ƙasarsu ma fari ake yi, wani mai hali ya matsa masa ya rabu da sansa, shi kuwa ya hau ɗaki yana zare ciyawar jinka yana ba dabbar. Na buɗe baki zan fara fassara, Kawu ya ɗaga mini hannu.

"Bari, ɗana, na gane. Wanga mutum ya san shanu. Diba yadda yaka shahwa tozo nai."

Bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya fita ya karɓe igiyarsa, dillali na ta mita, ya kama hanyar gida. Da 'ya'yan gawo da jinkar rumbunsa ya riƙe bajimin nan har ruwa ya sauka. Matarsa ta ce na sa mata miji hauka, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Bayan kaka sai ga Kawu da damin gero a jaki, wai ya zo gaida abokinsa. Muka shiga rumfa. Wannan karon jarumin ɗan sanda ne, da kaki da mota, yana ta marin ɓarayi. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya taɓo ni.

"Ina bajimi nai?"

Na ce, "Kawu, ai wasa na. Sana'a tai ke nan, yau manomi, gobe alƙali."

Ko saurarena bai yi ba. Ya girgiza kai, ya ce yunwa ta ci ƙarfin bawan Allah, ya sayar, ya gudu birni aikin gwamnati. Na zaci zai yi fushi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ban ga laihi nai ba, shekarun sun yi tsanani," in ji shi. "In kun samu mai zuwa can, a hwaɗa mai nawa na nan da rai. Da shi niy yi huɗa bana."