Jinya a Gidan Surukai a Nima

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da mai ɗakina, a babbar motar da ke zuwa Accra, wadda mu 'yan zango muke kira Ankara. Na biya kuɗin kujera, amma ban zauna a kanta ba. Na tsaya a tsakiyar mota na riƙe ƙarfe. Kwandasta ya dube ni ya tambaya ko gadin fasinjoji aka turo ni. Wata mata da ta ga kujera a banza ta ɗora kwandon dodon koɗinta a kai, har ta yi mini godiya.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni tela ne. Na daɗe ina fama da wani zafi a mazaunina, tsakanin ƙafafu, kamar an ajiye garwashi. In na tsaya sai ya lafa, in na zauna sai ya taso. An ce basir ne, an ce sanyi ne, wasu suka ce hannu aka sa mini. Na sha saiwoyi har cikina ya gaji. Daga baya na rufe keken ɗinkina da zane, don tela da ba ya iya zama ba shi da sana'a. Sai wani likita a Ankara ya ce jijiya ce ta maƙale a cikin ƙugu, nama ya matse ta, kuma sai an buɗe an sake ta. Aikin da muka tafi yi ke nan.

Hanyar tana da kyau ga mai lafiya. A Nkawkaw hazo ya rufe kan duwatsu, ga ayaba jibge a bakin titi. Mai tsaye kuwa ramuka kawai yake sani, kowanne sai na ji shi a gwiwa. A Nsawam masu burodi suka kewaye mota suna turo shi ta taga. Mai ɗakina ta ce kuɗinsa ya kusa ninka na bara, ta yi ciniki da ƙarfi, ta kuma saya duk da haka, don ba a shiga gidan iyaye hannu rabbana.

Gidan surukina yana cikin unguwar Nima a Ankara, can bayan kasuwa, inda lungu yake matsewa har sai mutum ya juya kafaɗa. Ɗakuna ne a jere masu rufin kwano, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Akwai Bazabarme, akwai Kotokoli, akwai Badagombe, kowa da irin Hausarsa, ana yi ana tsoma yaren Tuwi da Turanci. Surukina tsohon ɗan kasuwar goro ne, gwiwoyinsa sun gama aiki, da sanda yake tashi. Mutum ne mai kwarjini. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba.

A nan muka tafka kuskure. Ba yadda za a yi in buɗe baki a gidan surukai in faɗi inda ciwona yake. Muka ce ciwon baya ne.

An yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Ranar da za a sallame ni likita ya ja mini kunne: in tsaya, ko in kwanta ta gefe, in riƙa takawa kaɗan-kaɗan, amma kada in zauna a kan abu mai tauri, kada in durƙusa, sai ya ba ni izini. Salla ma a tsaye nake yi da nuni. Surukata tana aiko mini da koko da ƙosai da safe, da rana wake da shinkafa mai yaji wanda Nima ta fi kowa iyawa. Abinci bai zama matsala ba. Dubiya ce ta zama.

Kun san al'adarmu. Babba in ya zo ya zauna, ba ka tsaya masa a ka. Ba ka kuma miƙe ƙafa ka kwanta a gabansa. Sai dai ka durƙusa ka gaishe shi, sannan ka nemi wuri ka zauna. Abubuwan nan biyu da ladabi ya yarda da su, su ne likita ya hana ni. Da surukina ya shigo da abokansa, na durƙusa. Saboda sun ji ciwon baya ne, aka ɗauko mini kujerar katako mai majingina, wadda ta fi kowacce a gidan. Na zauna. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen Kumasi gida-gida, aka yi hirar farashin goro, aka yi doguwar addu'a. Ina amsa amin, gumi yana bin bayana.

Washegari wurin ya kumbura, zanen gado ya ɓaci da jini, zafin da na baro a asibiti ya dawo. Muka ɗauki tasi, ina kwance a kujerar baya. Likita ya duba, sannan ya ce, "Malam, jijiya ba ɗinki ba ce da zan farke in sake. In ta ƙara maƙalewa, ba ni da aiki na biyu da zan yi maka." Na ji tsoro ƙwarai. Na tuna yarana, na tuna ba ni da wata sana'a.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, surukina ya zo da liman da dattawan unguwa. Aka jera benci a tsakar gida, suka zauna, aka ajiye mini kujerar nan. Na fito ina dafa bango. Na san abin da likita ya ce, amma wallahi gwiwoyina sun riga sun fara lanƙwasa da kansu.

Sai na ji muryar mai ɗakina daga bakin ƙofa. Ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Baba, ku gafarce ni. Ba baya aka yi wa Malam aiki ba. A mazauni ne. Likita ya ce in ya sake zama ko ya durƙusa, shi ke nan, ba zai ƙara hawa keken ɗinki ba."

Mace ta ambaci wannan wuri na jikin mijinta a gaban mahaifinta da liman! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta kuma janye ko kalma ɗaya ba.

Surukina ya juya ya dube ta. Sannan ya ce, "Ranar nan da na zaunar da shi fa?"

"Jini ya zuba, Baba."

Tsohon ya laluba sandarsa. Wani ya miƙa hannu zai taimake shi, ya ture. Ya yunƙura, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya miƙe tsaye. Liman ya miƙe. Sauran ma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a kwashe bencin.

"Ɗana," in ji shi, "yanzu ba ka tsaya wa kowa a ka ba. Liman, bismilla."

A tsaye aka yi addu'ar, ba a kuma gajarta ta ba. Ina ganin sandarsa tana karkarwa. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Daga ranar duk wanda ya zo dubiya a tsaye yake yi, har matan gidan suna tsokanata wai na mayar musu da gida tashar mota.

Sauran kwanakin na yi su ina takawa. Na fara da bakin famfo, sannan bakin titi inda ƙananan motocin haya, toro-toro, ke kiran masu zuwa unguwar Madina, daga baya har unguwar Kanda, inda hanya take da faɗi da inuwa. Likita ya gaya mini jijiya ba ta da gaggawa, zafin zai riƙa tafiya yana dawowa wata da watanni. Da ya yarda in koma gida, ya ce in fara zama kaɗan a kan matashi mai rami a tsakiya.

Mun iso Kumasi da la'asar. Har yanzu ban warke sarai ba, amma ina taka keke na ɗan lokaci in tashi. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kunyar da nake taƙama da ita ta kusa raba ni da abincin 'ya'yana, kuma mutanen da nake ɓoye wa ba su taɓa neman in cutu dominsu ba. Shi ya sa da maƙwabta suka zo sannu da zuwa, na faɗi ciwona da sunansa da wurinsa. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi tari.

Da kowa ya watse, wani dattijon tela da ya girme ni nesa ba kusa ba ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya.

"Wannan zafin da ka ce," in ji shi, "in mutum ya tsaya yana lafawa, ko? Shekara nawa ina cewa baya ne."