Baba Mai Baro, Wanda Bai Taɓa Kife Fuskar Kowa Ba

Ka ga hoton nan. Kada ka ce ba ka gani ba, domin ya shigo wayarka kamar yadda ya shigo tawa: wani tsoho jiƙe sharkaf yana tura baron shara, a saman sharar kuma ga fuskar ɗan takara tana murmushi. Ka karanta abin da aka rubuta a ƙasa, wai ga wanda ɗaya ɓangaren ya saya don ya wulaƙanta Honarabul, wato ɗan takarar da ke jikin fastar. Ka san tsohon. A ƙofar gidanku yake wucewa kullum. Amma ka yi shiru, ka matsa gaba abinka. Wasunku ma har turawa suka yi.

To, tsaya ka ji wane ne ka ƙyale ake yi wa ƙazafi.

Baba Mai Baro ma'aikacin ofishin tsafta ne. Kafin masu shaguna su buɗe ya riga ya fito, da manjagararsa, da shebur ɗin da aka ɗaure ƙotarsa da waya, da baron da kukan tayarsa ke tashin mutanen layi. Daga shataletale yake farawa, ya bi lambatu yana yashewa har bakin babban kwalbatin da ke gefen firamare, inda ruwan unguwar gaba ɗaya yake bi ya fice. Yaran da ya taɓa kora daga wasa a cikin lambatun nan yanzu su ke kawo nasu 'ya'yan makaranta.

Idan lokacin zaɓen fidda gwani ya zo, aikinsa ninkuwa yake yi. Yau a manna fastar wannan, gobe a manna ta wancan a kai, har bango ya yi kauri kamar katifa. Ruwa na sauka su sulale su faɗa lambatu. 'Yan takara da bakinsu ke kumfa a kan tsaftar gari, Baba ne ke tsamo fuskokinsu daga cikin taɓo.

Yana da wata ɗabi'a da kowa a layin ya sani. Ba ya yaga fasta, kuma ba ya kife ta. Sai ya karkaɗe ta ya shimfiɗa a saman kayansa, fuska na kallon sama. Mai shayin kwana yakan tsokane shi.

"Baba, wai wa kake yi ne a cikinsu? Kullum kai ke yawo da su."

"Duk na ɗauke su, ɗana. Babu wanda ya fi wani nauyi."

"To kife su mana, su ma su ji abin da muke shaƙa!"

"Kai, bar wannan magana. Shi ma yana da uwa. Ta zo wucewa ta ga an dulmiya fuskar ɗanta cikin ƙazanta, da hannuna? A'a."

Wannan ɗabi'ar ce ta jawo masa abin da yake ciki yau.

Ranar da Honarabul ya yi gangami a filin firamare, an ɗaure wani makeken hotonsa na leda tsakanin turakun lantarki. Taro ya watse, aka bar fili fal da ledojin ruwa, babu wanda ya tuna da kwance hoton. Da la'asar hadari ya taso. Iska ta fizge hoton ta cusa shi bakin kwalbati, ledoji suka biyo suka liƙe sauran kafar. Ruwa ya rasa hanya, sai ya juya cikin gidaje. Tela ya ɗora kekensa a kan tebur. Maman 'Yan Biyu ta ɗora jariranta a kan gado, ta tsaya tana kallon ruwa na hawa ƙafafun gadon.

Baba ya riga ya tashi daga aiki, babu wanda zai tuhume shi da ya zauna a gida. Amma tela ya gan shi ya shiga ruwan nan har ƙirji, yana lalube da ƙafa.

"Baba, fito! Zai ja ka ciki!"

"Bar ihu, miƙo min almakashinka!"

Da almakashin tela ya yanke igiyoyin da suka sarƙe. Yana janye ledar, kwalbati ya yi wani gurnani, ruwa ya fara janyewa daga ɗakuna. Da ya fito yana rawar sanyi, bai jefar da hoton ba. Ya ɗauraye fuskar, ya shimfiɗa ta a saman baro tana kallon sama, zai mayar wa masu ita ofishin kamfen. A hanya wani daga cikin masu yi wa Honarabul aiki a waya ya ɗauke shi hoto. Da ya kife ta, da babu wanda zai gane ko ta wane ne. Mutuncin da ya ba fuskar nan, shi aka mayar hujja a kansa.

Washegari ogansa ya karɓe baron, ya ce an dakatar da shi. "Baba, ka yi haƙuri, ni ma daga sama aka kira ni." Ranar Litinin kwamitin ladabtarwa zai zauna. Saura 'yan watanni ya yi ritaya, kuma idan aka kore shi, fanshonsa ya tafi.

Ina Honarabul, mai alƙawarin share hawayen talaka? Shiru. Ina abokin takararsa? Yaransa na yaɗa hoton suna shewa, don ya yi musu daɗi. Jam'iyya ɗaya suke, kujera ɗaya suke nema, sun sami tsoho sun mayar da shi ƙwallo. Mu kuma da ɗakunanmu suka tsira muna cewa, "Siyasa ce, Allah ya kyauta." Wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne da lalaci.

Na je gidansa. Matarsa ta ce ƙafarsa ta kumbura, kwalba ta yanke shi a cikin ruwan. Na fara yi masa maganar kwamiti, sai ya katse ni, idonsa na kan sama.

"Ɗana, wa ke duba bakin kwalbatin? Ka ga hadari na haɗowa."

Baba, kai ne ka shiga inda masu manyan riguna ke toshe hanci su wuce. Kai ne ka girmama fuskar mutumin da bai san taka ba. Ba ka da fasta a bango ko ɗaya, amma jariran nan biyu suna barci a busasshen gado saboda kai. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ƙafarka lafiya.

Sai dai godiya ba za ta dawo masa da baronsa ba. Kwamitin yana sauraron shaidu. Tela ya ce zai rufe shago, Maman 'Yan Biyu ta ce da goyonta za ta je. Saura kai. Koma zauren waya inda ka ga hoton nan, ka rubuta gaskiyar abin da ya faru, da sunanka a ƙasa. Ranar Litinin da safe kuma ka taho ofishin tsafta ka tsaya a bayansa. Ya shiga ruwa har ƙirji domin ɗakinka. Kai ƙofar ofis kawai ake so ka shiga.