Ɗan Farina a Tsibiri

Abin nan ya faru shekara guda kafin ruwan da ya ci unguwar Guwaiza a Jidda, wanda ya sauko ranar da alhazai ke fita Mina. Maigidana yana da shekara shida a kabari. Haƙorina na gaba bai faɗi ba tukuna, kuma ba a rushe dogon gidan nan na kusurwar layinmu a Ammariyya ba. Watan Shawwal ne, ya yi nisa, don har kayan sallar yara sun fara koɗewa. Ni ban san lissafin takarda ba, amma ban taɓa ɓatar da shekara ba.

Ɗan farina a nan Jidda na haife shi. Shekararsa arba'in da huɗu a lokacin, kuma a cikinsu ban taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. Ban taɓa zama na dube shi ido da ido muna hira ba. In ya gaishe ni, bango nake amsa wa. In ina da magana, sai in faɗa wa ƙanwarsa, da ya yi aure kuma sai matarsa. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Matan da muka zo ƙasar nan tare duk sun watsar, har ka ji mace tana kwaɗa wa ɗan farinta kira daga saman bene kamar mai tallan gas. Ni ban watsar ba. Na bar garinmu, na bar gonar ubana, na bar kabarin uwata, amma wannan na riƙe.

Aikinsa makanikancin inji ne a wani jirgin ruwa na katako mai ɗaukar kaya. Mai jirgin wani ɗan kasuwa ne, kuma shi ne kafilinsa mai tsaya masa wurin hukuma, iƙamarsa, wato takardar zama, da ta matarsa da ta 'ya'yansa duk a hannun mutumin suke. A wannan tafiyar sun gangara har wani tsibiri can bayan Adan, ɗauko busasshen kifi. Sunan tsibirin ya ƙi zama a bakina har yau.

Ranar Litinin bayan la'asar ya kira matarsa. A tsibirin akwai wani mai shago da ke da waya guda, layi ake bi. Ina tsakar ɗaki ina ɓare gyaɗar da zan soya, don sana'ata ke nan, ina sayarwa a bakin Bab Makka. Na yi kamar ban ji ba, amma hannuna ya tsaya.

Surukata haifaffiyar unguwar Bani Malik ce, a nan Jidda. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci rabi da rabi. Da ta ajiye waya ta ce, “Ya Inna, yana gaishe ki. Ya ce ba iska ko kaɗan, zafi kamar an rufe su a tukunya. Amma wai bahar yana kumbura.”

Na ce da gyaɗar gabana, “Kumburi kamar yaya?”

Ta ce ya ce fuskar ruwan sumul kamar an zuba mai, ba kumfa, ba komai, amma daga can nesa sai wani dogon tudu na ruwa ya taso a hankali, ya ɗaga jirgin ya sauke, ya wuce ya je ya daki duwatsun gaɓa, ƙarar kamar ana sauke buhuna daga mota. Ka ƙirga goma, wani ya taso. Sama kuma da zare-zaren girgije farare kamar an shaɓe auduga.

Na ce, “To.” Na ci gaba da ɓara. Gyaɗar ranar ƙonewa ta yi, ni da na shekara talatin ina suya.

Washegari talabijin ya nuna abin. Wani farin abu ne a kan shuɗi, yana juyawa kamar an sa ludayi ana dama fura a ƙwarya. Mai bayani yana nuna shi da sanda yana murmushi. Surukata ta ce mai bayanin ya ce guguwar teku ce take haɗuwa, ba ta gama zama ba, ba a san inda za ta nufa ba. Ta sa yatsa a wani ɗigo kusa da farin abin ta ce, “Nan suke.”

Na kasa zama. Na sauka ƙasa wurin ƙawata, wata 'yar Damagaram da ke ɗakin ƙarƙashin matakala, na hau, na sake sauka. A karo na uku ta ce, “Ke, matakalar nan haya muke biya mata, kada ki cinye ta.”

Na ce, “Ƙafa nake motsawa.”

“Ƙafa! Ɗanki na cikin ruwa kina ce min ƙafa. Ki karɓi waya ki ji muryarsa mana, Hajiya 'yar gargajiya. Wa zai kai ƙararki Katsina?”

Na ce, “Ni ba irinku ba ce.”

Ta ce, “Haka ne. Mu muna barci.”

Na yafa abaya na hau motar haya har bakin teku, da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ni kaɗai ba. Na tsaya ina kallon ruwan. Kwance yake lafiya lau, wasu 'yan Hindu suna jefa ƙugiya, wani yana cin rumman. Haushi ya kama ni. An ce duk ruwan duniya a haɗe yake, to ya za a yi wannan ya kwanta haka alhali ɗan'uwansa na can yana ɗaga min yaro yana saukewa? Na tofa addu'a a ciki ko za ta bi ruwa ta isa, na juyo. A hanya na tuna ban rufe buhun gyaɗa ba, na tuna na rufe, na sake tuna ban rufe ba.

Kira na biyu ya zo da yammacin nan. Surukata ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Na juya mata gefe. Ya ce rana ta faɗi jiya ja wur kamar lalle ya kama, har fuskokin mutane suka yi ja. Yau iska ta fara, amma ba ta tsaya wuri guda ba, ta huro ta nan, ta ɗauke, ta dawo ta can. Ruwan sama na zuwa kamar an watsa da bokiti, kafin ka shiga inuwa ya wuce. Ƙaguwa sun baro gaɓa suna hawa har cikin shaguna. Tsuntsayen teku sun cika kan rufin masallaci sun ƙi tashi ko an kore su.

Sai ya sassauta murya. Ya ce rayyis, wato shugaban jirgin, ya yanke shawara gobe da hantsi za su tashi, su tsere zuwa tashar jiragen garin Mukalla kafin abin ya rufe hanya, don tsibirin ba shi da wurin fakewar jirgi. Mai jirgi ma ya yi waya ya ce a taho da kaya. Ya ce da matarsa, “Ki ce Inna ta sa mana albarka. Zan sake kira kafin mu tashi.”

Bai taɓa tafiya ba tare da wannan ba. Ko Makka zai je sai an zo an ce min, ni kuma in ce da wanda ya kawo saƙon, Allah ya kiyaye hanya.

Na ce da surukata, “Tambaye shi, mutanen garin me suke yi?”

Ta tambaye shi. Ya ce tun safe suke jan ƙananan jiragensu, sun wuce da su yashi, sun wuce bishiyoyin dabino, har gindin dutse. Suna ɗaure rufin ɗakuna da igiya suna rataya duwatsu. Tsofaffi sun kora awaki sama. Ya ce wani tsoho ya zo ya daɗe yana kallon jirginsu, ya tafi.

Layin ya yanke.

Ni ban san teku ba. Sau ɗaya na haye shi daga Sawakin, ina amai tun daga can har nan. Amma na san zaman baƙunta. Shekara kusan hamsin ina garin mutane, kuma abin da ya raya ni shi ne kallon 'yan gari. In na ga masu shago suna sauke ƙofa, ba na tsayawa tambaya, tattara tirena nake yi. Mutanen da aka haifi kakanninsu a bakin ruwan nan suna jan jirage zuwa dutse, shi kuma wani baƙo zai tura nasa ciki.

Na kuma san abin da ƙin hawa ke nufi. Makanike ya bar jirgi a ranar da aka fi bukatarsa, kafili ba zai manta ba. Yara huɗu, da takardunsu. Daren nan ban rintsa ba saboda wannan lissafin.

Da safe na share ɗaki sau biyu. Na wanke tukwanen da suke a wanke. Ƙawata ta hawo ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, ba ta tsokane ni ba. Wajen ƙarfe tara waya ta yi ƙara. Muryarsa na zuwa tana ɗaukewa, bayansa kuma wani gurnani kamar babbar mota na hawa tudu. Ya ce igiyar ruwa ta fara farin kai, kwale-kwalen da zai kai su jirgi na jira, mutane biyar na bayansa a layi.

Na ce da surukata, “Ce masa kada ya hau.”

Ta dube ni. Ta dubi ƙofar ɗakin yaranta. Ta sunkuya kan wayar ta yi masa Larabci, a zatonta ya fi ƙarfina. Ni da na yi ciniki da Larabci tun ba a haife ta ba. Cewa ta yi Inna ta ce ka kula da kanka, Allah ya tsare.

Ban ga laifinta ba, ko a lokacin. Ita takardun 'ya'yanta take gani.

Na ce, “Ba haka na ce ba.”

Ta ce, “Ya Inna, wallahi in ya ƙi hawa, halas, mun shiga uku. Rayyis ya fi mu sani.”

Ya ce daga can, “To, na gode, sai mun isa.”

Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Wayar ta yi min nauyi kamar dutsen niƙa, ban ma san ta ina ake magana ba, ƙawata ce ta juya min ita. Na ce, “Kai.”

Sai gurnanin nan.

Na ce, “Kai, da kai nake. Ni ce.”

Ya ce, “Inna?” Kamar yaron da aka tasa daga barci.

Na ce, “Ba za ka hau jirgin nan ba. Ka bi mutanen garin, inda suka kai awakinsu nan za ka. In ka sa ƙafa a kwale-kwalen nan ban yafe nonon da ka sha ba.”

Ƙawata ta ce, “Innalillahi.” Surukata ta rufe fuska. Magana ce da ban taɓa zaton za ta fita daga bakina ba, kuma ita ce magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye tun yana goye.

Ya ce, “Inna, aikina.”

Na ce, “Na ji. Na faɗa.”

Na ji wani yana yi masa tsawa ya ba da waya. Sai ya ce, “To, Inna.”

Kwana biyar ba mu sake jin komai ba. Surukata ba ta yi min magana ba sai gaisuwa. Na fita talla na dawo da tiren yadda na fita da shi, don na manta in zauna, yawo kawai na yi daga Bab Makka zuwa Sharafiyya.

Ga yadda ta ƙare, ba zan gyara ba. Jirgin ya isa Mukalla. Sun zubar da rabin kifin a ruwa, injin ya mutu sau biyu, mataimakin ɗan nawa ya tayar, wani ya karye a hannu, amma duk sun sauka da ransu. Shi kuwa ya yi kwana biyu a kogon dutse da mutanen garin da awakinsu, ruwa na zuba kamar ba za a daina ba, ya fito ya tarar shagon mai waya ba rufi. Sai da ya yi sati uku kafin ya sami jirgin da ya fitar da shi. Kafili ya sallame shi, ya ce ya nemi wani kafilin. Wata takwas yana zaune, ana ta faman takardu, har babbar 'yarsa ta rasa shekara guda a makaranta.

An yi ta magana a unguwa. Wai tsohuwa ta ga fura a talabijin ta kashe wa ɗanta aiki. Na ji da kunnena a gidan suna. Na ce da mai maganar, injin da ya mutu sau biyu, wa ya ce mata ba zai mutu na uku ba? Ta ce ai da yana ciki da bai mutu ko sau ɗaya ba. Da ya dawo na aika ƙanwarsa ta ce masa na janye maganar nono, na yafe duniya da lahira. Ya ce ta ce min ya gode.

Ƙawata 'yar Damagaram ta rasu shekarar da ruwa ya sake cin Jidda. Mai jirgin ma ya rasu, na yi masa addu'a, don ya riƙe mu shekaru kafin wannan. Rayyis an ce yana nan a Mukalla, idonsa ya tafi. Surukata tana nan, ita ke cuɗa min baya yanzu, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Yarinyar da ta rasa shekara tana da 'ya'ya biyu. Shi yana nan, yana tuƙa motar ruwa a Bani Malik, furfura ta cika masa gemu, bai sake hawa jirgi ba. Ko ya huce, ban tambaya ba. Sai ni, ina nan.