Farin Jirgin Preben

A tasharmu ta jiragen ruwa da ke bakin tekun Limfjord, duk wanda daɓen jirginsa ya tsage wurin Solvej Thybo yake nufa. Shekara talatin ta yi tana haɗa haƙoran roba a cikin gari. Da ta yi ritaya sai ta kwaso 'yan injinanta ta dawo kan ƙananan jiragenmu masu filafilai, tunda su ma na roba ne. Bakinta ba daɗi, amma aikinta sai dai a sara mata.

Ka kawo mata tsaga siririya kamar gashi, sai ta kunna inji ta ƙara buɗe ta, kana tsaye kana kallo.

"In ban buɗe ba, ta ina ƙaron liƙin zai shiga?" in ji ta. "Je ka sha kofi, kana tare mini haske."

Ainihin gwanintarta a launi take. Jirgin da ya sha rana shekara ashirin ya daina zama fari, sai dai wani abu kusa da madara. Solvej takan ɗiga rawaya a cikin farin ƙaro da tsinken sakace, ta juya, ta duba, ta ƙara, har mai jirgi ya rasa inda tsagar take.

Bara idanunta suka fara hazo. Ni kaɗai ta gaya wa, muna cin burodi da kifin gwangwani a kan benci.

"Ranar da launi ya kuɓuce mini, na ajiye. Ba zan zama mai faci ba."

Da sanyi ya sassauta, Preben tsohon masinja ya jawo nasa jirgin, wanda ya tsage a gindin sandar filafilai. Tare suka yi firamare da Solvej, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"Tsohuwa, ga shi nan. Kada ki sa masa haƙori."

"Kai ka fi shi bukata. Me ka jefa masa, ƙarfen tsayar da jirgi ko tumbinka?"

"Yi aikinki dai. Wancan karon sai da na ga tabo."

"Da tabarau nawa?"

Kwana uku ta yi a kai. Ta buɗe, ta wanke, ta cike, ta rufe da leda don ya bushe, ta goge har ya yi santsi kamar faranti. Ranar Asabar muka taru, rana ta fito tas. Tun daga nesa na hango facin, ya yi rawaya sosai. Raina ya ɓaci, na rasa inda zan sa idona.

Preben ya durƙusa da ƙyar, ya shafa wurin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Solvej, ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsa ba."

Mu nan ba ma yabo. In abu ya burge mutum matuƙa, iyaka ya ce ba laifi.

Solvej ta dube shi, ta dube ni. Ta rufe kwalbar rawayar a hankali, ta goge yatsunta a jikin riga.

"Preben," ta ce, "har ya kai haka muni?"