Gwiwar Gajere

A garinmu Kurrabin dogo shi ake kira Gajere, mai jan gashi Shuɗi, mai shiru-shiru kuma Rediyo. Kada ka tambaye ni dalili, haka muka taras. Darcy Pohlner sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci, don haka tun yana saurayi sunan da uwarsa ta raɗa masa ya ɓace. Ba mai kiransa da shi sai matarsa Renae, ita ma sai ranta ya ɓaci.

Ni ne Wal, mai tsayuwa tsakanin sanduna da farin kwat da tutoci biyu, ina shaida wa jama'a ko ƙwallo ta shiga. Ƙwallonmu da hannu ake cafke ta, a buga ta da ƙafa tsakanin sandunan. Aikin ba lada sai zagi, amma rabin tsallen da Gajere ya yi a rayuwarsa a gaban idona ya yi shi. Yakan bar ƙwallo ta lula sama har ka ce ya manta da ita, sannan ya taho a guje daga baya, ya ɗora gwiwa a kafaɗar wani bawan Allah, ya miƙe can sama kamar mai sauke kaya daga rufin ɗaki, ya cafke. Wanda aka hau ba ya sanin abin da ya same shi sai ya ji motocin da suka kewaye fili sun ɓarke da hon.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubansa, tsoho Merv, ya taɓa buga wasan ƙarshe da karyayyen ƙashin kafaɗa, labarin da duk garin ya haddace, sai dai kowace shekara ƙasusuwan da suka karye ƙaruwa suke yi. Gajere ya bar makaranta da wuri ya kama askin tumaki, yana bin rumfuna gona-gona, tunkiya a matse tsakanin gwiwoyinsa tun safe har la'asar. Masu neman 'yan wasa sun taɓa zuwa daga Melbourne suka tafi da shi. Sanyi bai ƙare ba ya dawo da jakarsa.

"Korar ka suka yi?" na tambaye shi.

"Babu sararin sama a can, Wal. Ka ɗaga kai sai ka ga tagar wani."

Renae ita ke tuƙa motar makaranta. Da can yara har a tsaye suke tafiya, yanzu kowane yaro yana iya miƙe ƙafa ya yi barci. Gonaki sun haɗiye gonaki, samari sun bi titi. Ya kai ga in za mu cika ƙungiya sai mun lallaɓo mai gyaran famfo da ya ba hamsin baya. A taron farkon shekara aka yanke abin da kowa ya daɗe yana tsoro: wannan ce kakar wasanmu ta ƙarshe. Baɗi za a haɗe mu da ƙungiyar garin Yarrock, mutanen da kakanninmu suka rantse gara su aurar da 'ya'yansu ga dingo, karen dajinmu, da su ba su. Sabon suna, sabuwar riga, filin ma nasu. Rigarmu koriya mai ratsin rawaya za ta shiga akwati.

Ba a yi nisa da fara kakar wasan ba abin ya faru. Ba wanda ya taɓa Gajere. Tsalle ya yi irin wanda ya saba, ya dira, na ji ƙas kamar an taka busasshen reshe.

"Tashi, Gajere," na ce, "filin nan ba gadon gidanku ba ne."

"Ka ji ƙarar, Wal?"

"Na ji. Na zaci wandonka ne ya yage."

"Da ma shi ne," in ji shi, fuskarsa fara fat kamar kwat ɗina.

Likitan birni ya ce jijiyar da ke riƙe da gwiwar ce ta tsinke. Aka yi tiyata, aka yanko wata daga cinyarsa aka ɗinka. Ya ce shekara guda kafin ya sake taka fili. Renae ta ce da Gajere ya ji haka sai ya dubi likitan ya ce, "Ƙungiyarmu ba ta da shekara guda." Likita ya ce shi gwiwa ya karanta, ba ƙungiya ba.

Ranar da ya fara shigowa ɗakin ƙungiya yana dogara sanduna biyu, aka tarbe shi yadda ya dace.

"Ku matsa, ga Kaka ta iso, ku ba ta kujera kusa da wuta!"

"Gajere, da sandunan za ka riƙa hawa mutane yanzu?"

"Ku bar shi, aikin wanke-wanke yake gudu, ba ciwon komai."

Ya yi dariya, ya zagi uwar kowa, aka miƙa masa giya. A garinmu namiji ba ya ce wa namiji "sannu". In muna son ka, zaginka za mu yi. Ranar da ka ga mun fara yi maka magana da ladabi, ka je ka shirya, mutuwa za ka yi. Gajere a cikin wannan yaren aka haife shi, amma kunnen mai ciwo daban ne. Ana ce masa "muna kewarka", shi kuma yana jin "me kake jira?"

Ya ɗaure tsohon keke a rumfar ulu yana tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Da sanyin Yuli, tsakiyar hunturu a wajenmu, yakan shiga tafkin da tumaki ke sha, ruwa har ƙugu, yana tattaki daga wannan gaɓa zuwa waccan, karensa na bakin ruwa yana kallonsa kamar mai tunanin canza ubangida. Ya ajiye sanda ɗaya, ya ajiye ta biyu. Ran Asabar kuwa yana zaune cikin a-kori-kurarsa a bakin fili, yana kallon yadda ake lallasa mu mako bayan mako, ƙwallo na zuwa sama a gabana ba mai tashi ya tarye ta.

Ana saura 'yan kwanaki wasan ƙarshe, wanda kuma da Yarrock ɗin za a yi, na je gidansu aron tsani. Na taras da su a kicin, Merv na kan kujerarsa, Renae na yanka kek kamar da shi take faɗa. Ashe da safen nan Gajere ya shiga garke ya jawo ƙaton rago da baya-baya, ya aske shi tas, gwiwar ba ta ce uffan ba.

"Gwiwar da ta ja wancan ragon ta warke," in ji Merv. "Likitoci su dai a ba su tsoro su raba wa mutane."

"Rago a miƙe ake jansa, Baba," in ji Renae. "Juyi da dira aka hana shi."

"Ni da ƙashin kafaɗa a karye..."

"Ba da kafaɗa ake tsayuwa ba, Baba." Ta juya ga mijinta. "Darcy, gwiwar nan ba ta ƙungiya ba ce. Da ita muke ci a gidan nan. Aski saura wata guda, in ta sake tsinkewa wa zai shiga rumfa? Wal?"

"Ni ko kyanwa ban taɓa aske wa ba," na ce. Ba wanda ya yi dariya, na cika bakina da kek.

Gajere ya daɗe yana juya kofin shayinsa. "Kakana ya sa rigar nan, Ren. Baba ya sa. Ran Asabar za a tuɓe ta ke nan har abada. Ba zan kalle ta ta gilashin mota ba. 'Yan mintuna kawai, in tsaya a gaba, ba zan yi tsalle ba."

"Kai ne ba za ka yi tsalle ba?" Ta ajiye wuƙar. "Rantse."

Bai rantse ba.

Ran Alhamis bayan atisaye ake cin abincin ƙungiya, a nan koci ke kiran sunayen waɗanda za su buga. Kocinmu Trent, mai sayar da taki, ya kira kowa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Bencin 'yan canji, Gajere." Ɗakin ya kaure, ana dukan tebur da cokula. Renae na kicin tare da matan da ke soya dankali. Ta kwance rigar girkin da ta ɗaura a gaba, ta ninke ta, ta ajiye, ta fita ta ƙofar baya. Trent ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Shi ya zo ya ce in sa shi. Wa zai dubi idonsa ya ce a'a?" Gaskiyarsa. A wurinmu ka ce wa mutum "ba za ka iya ba" ya fi ka mare shi a gaban 'ya'yansa.

Ran Asabar motoci suka yi layi biyu a kewayen fili. Har daga gidan tsofaffi aka kwaso mutane da bargunansu. Yarrock suka yi mana cin kaca tun kafin hutun rabi, ba kuwa wanda ya damu. A zangon ƙarshe Gajere ya tuɓe rigar sanyi ya shigo, gwiwar naɗe da filasta ta yi girman kabewa. Ya taho gabana ya tsaya kusa da Hamish Dunstan, mai tsaron bayan Yarrock, wani basamude mai wuya kamar na bijimi.

"Sannu da zuwa, gurgu," in ji Hamish. "Baɗi ni zan riƙa ɗaukar maka jaka."

"Tsaya dai da kyau, tsani," in ji Gajere.

Da farko ya cika alkawari, yana ɗan sassarfa, yana lallaɓa ƙafar. Sai wani daga tsakiyar fili ya ɗaga ƙwallo sama, irin mai jinkirin nan da take juyawa a hankali, tana saukowa daidai kan Hamish. Na ga Gajere ya ja da baya. Na san jan bayan nan kamar yadda na san tarin matata.

Ya tashi. Gwiwa a kafaɗar Hamish, hannuwa a sama, ya cafke. Garin duka ya danna hon, shi ya sa ba wanda ya ji ƙarar dirarsa. Ni dai fuskarsa na gani.

Alƙalin wasa ya hura usur ya nuna bugu nasa ne, don a wasanmu wanda ya cafke a sama shi ke bugawa. Gajere na kwance a ciyawa, ƙwallo rungume a ƙirji.

"Bugunka ne, Gajere," in ji alƙali. "In ba za ka iya ba, ka ba wani."

"Zan iya."

Hamish ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi. Gajere ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya dubi sanduna, ga su nan kusa, ko jariri zai zura. Ya sauke ɗaya ƙafar a ƙasa, sai ya naɗe kamar kujerar biki. Hon ya riƙa mutuwa mota bayan mota. Trent ya zo ya miƙa hannu zai karɓi ƙwallo, Gajere ya hana shi. Alƙali ya yi magana, bai ko dube shi ba. Ya ƙanƙame ta, haƙora a cije, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Sai ga Merv ya tsallako shingen wayar fili, abin da doka ta hana, yana dogara sanda, ya ratso filin nan kowa na kallo. Ya daɗe kafin ya iso, ya fi daɗewa kafin ya durƙusa.

"Darcy," in ji shi. "Saki, ɗana. Ka kama, kowa ya gani. Saki."

Ya saki. Wani ya buga, ta shiga, na ɗaga tutoci biyu. Ba motar da ta yi ƙara. A-kori-kura ɗaya ce ta taso daga can bayan rumbunan alkama, inda ba wanda ya lura da ita, ta shigo har tsakiyar fili. Renae ta fito ta buɗe baya, ta shimfiɗa bargo. 'Yan kore da 'yan Yarrock suka ɗora shi. Ba ta ce "na gaya maka" ba. Na so ta ce, da an samu wanda za a ji haushi.

Wannan karon ba jijiyar kaɗai ba ce, guringuntsin ma ya dagargaje. Bayan tiyata ta biyu likita ya ce zai yi tafiya, a hankali zai rabu da sanda, wataƙila har ya ɗan bi kare da gudu. Wasa kam babu. Da Renae ta tambayi batun aski, wuni guda a duƙe da dabba na shure-shure tsakanin gwiwoyi, sai likitan ya ce Gajere ya fara tunanin wata sana'a. Sabuwar ƙungiya ta aiko tana so ya koyar da matasa. Ya ce zai yi tunani, wanda a bakin Pohlner a'a ke nan.

Na je duba shi da aka fara aski. Yana zaune a baranda, ƙafar miƙe a kan kujera, ɗaure cikin ƙarfen asibiti. Iska na kawo kukan injuna daga rumfar maƙwabta, rumfar da shi ke buɗe ta kowace shekara. Na shirya zagi kala-kala tun a hanya, da na zauna sai na neme su na rasa.

"Wal," in ji shi, "ban tuna komai ba daga lokacin da na tashi. Kai kana kusa. Na yi sama kuwa?"

Renae na bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi. "Gaya masa gaskiya," ta ce.

"Ban taɓa ganin ka yi sama haka ba. Hamish har yau yana neman wanda ya jefe shi da rumbu."

Ya gyaɗa kai, ya ɗan murmusa, ya ci gaba da kallon wajen da ƙarar injunan ke fitowa. Can ya sunkuya zai cire safa, hannunsa bai kai ba. Ya sake gwadawa. Renae ta ajiye kwanon, ta durƙusa ta cire masa.