Kwana Ukun da Na Jinkirta Kai Baba Asibiti

A shekarun da kuɗin mai suka fara isowa garuruwanmu, ni akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma a Tambuwal. An yi mana ƙarin albashi, na sayi sabon babur, ina ji da kaina. Mahaifina yana gida Kebbe, yana noman gero da dawa, da 'yan shanunsa da ya san halin kowacce.

Wata Alhamis cikin damina, direban motar kasuwa ya kawo mini saƙo cewa Baba ya faɗi tun jiya. Ya ɗauki buta zai yi alwalar azahar, ta suɓuce masa, hannun dama ya saki, baki ya karkace.

Na same shi zaune bisa tabarma, an jingina shi da bango, Inna tana ba shi kunu da ludayi. Ya gane ni. Harshen da nauyi, amma ana jin abin da yake faɗi.

"Wa yac ce ka taho?" in ji shi. "Iska ta, kuma ta wuce."

Inna ta biyo ni zaure. "Ɗauke shi ka kai Sakkwato," ta ce. "Ni ban gane ma idanun nan nai ba. Ko da yaushe shina dafe da kai."

Na ce mata ai yana ci, yana magana, ruwa kuma ya ɓata hanya, ta bari sai Asabar in samo motar ofis. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ranar Juma'a manya za su zo daga hedikwatar jiha su tantance waɗanda za a ƙara wa girma, da sunana a ciki. Na hau babur na koma. Girman kuwa na samu.

Ranar Asabar da na iso da motar, Baba ya daina buɗe ido. Barci yake da minshari mai nauyi, jikinsa zau, ya yi amai sau biyu. Sau uku muna kafewa a laka kafin mu hau kwalta.

Likitan asibitin Sakkwato ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce Laraba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce wata jijiya ce ta toshe, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Bayan kwana biyu ko uku gefen wurin yakan kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, sai kumburin ya danne lafiyayyen sashen. Sauƙin da na gani ranar Alhamis, kumburin ne bai kai ba tukuna. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Har Inna ta bar duniya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Da ɗiyata ta zama likita, na sa ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce a kwanakin farko jiki yana fitar da wasu sinadarai masu rura kumburi, yana kuma fitar da wasu nau'in furotin masu kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka galabaita amma ba su mutu ba. Zazzaɓi da ƙishirwa da hawan jini suna raunana masu karewar, shi ya sa ake son mutum yana gaban likita tun daga ranar farko.

Na ce, "Da na kai shi ranar Alhamis fa?"

Ta ce, "Baba, a lokacin maganin da ke hannunsu kaɗan ne. Wataƙila ya tashi, wataƙila a'a. Ba zan yi maka ƙarya in ce na sani ba."

Na ce to, Allah Ya yi mata albarka. Ta miƙe, ta shiga wurin mahaifiyarta.